Ɗigon da Ya Ƙi Bin Layi

Na'ura ashirin da bakwai muka rataya a Katsina,
kowacce ba ta wuce gwangwanin madara ba.
Ɗaya a Ƙofar Sauri, ɗaya a bayan tasha,
biyu a Ƙofar Marusa, bisa kan masu faci,
ɗaya a jikin wata dalbejiya a Sabuwar Unguwa
wadda ƙadangare ya mayar da ita gadon hantsi.

Duk minti goma sai su turo lamba.
Ba sallama, ba ina gajiya.
Talatin da tara. Arba'in. Arba'in da ɗaya da rabi.
Ni kuwa ina zaune ina tsince su kamar mai tsintar shinkafa,
in ware tsakuwa, in zuba sauran a kwamfuta,
in ce da ita: ga jiya, ga shekaranjiya,
ga tsawon inuwa, ga kwano, ga kwalta,
faɗa mini yadda gobe za ta ƙona.

Wata huɗu ina lallashin layi guda
ya ratsa tsakiyar ɗigo dubu ɗari.
Ya ratsa.
Sai ɗigo ɗaya, a Rafindadi,
kullum bayan asuba yakan yi tsalle sama,
digiri uku, wani lokaci huɗu,
alhali gari bai ko buɗe ido ba.

Sagir, ɗalibina, ya ce, "Malam, goge shi.
Na'urar ce ta zautu."
Hannuna har ya kai kan maɓalli.
Sai na tuna ban taɓa ganin wurin da duhu ba.

Na je a babur, sanye da rigar barci a ƙarƙashin jamfa.
Ƙarƙashin turken da muka ɗaure na'urar,
ga murhu, ga tanda mai ido goma sha biyu,
ga wata dattijuwa tana juya waina da tsinke.
Tasalla sunanta.
Ta ce ta zaci fitila ce gwamnati ta sa
ta ƙi kamawa, kamar sauran.

Na koma na buɗe mata gida a lissafi.
Tsakanin iska da laima na rubuta: wutar Tasalla,
biyar da rabi zuwa takwas, ban da Juma'a.
Kuskure ya ragu. Na yi barci da minshari.

Sannan aka ga wata.
Ranar farko ta azumi lissafina ya sha ƙasa:
asuba ta yi sanyi inda na ce za a ji zafi,
la'asar sakaliya ta yi wuta inda ban sa komai ba.
Tasalla ta koma suyan yamma.
Ban sa watan sama a cikin jimlar ba,
ni da nake duba shi da idona kowace shekara.

Na je shan ruwa wurinta, na sayi ta ɗari biyar.
Na ce, "Gobe arba'in da biyu, ƙari ko ragin ɗaya da rabi."
Ta buɗe robar ƙullu, ta shinshina,
ta nuna mini inda ya kumburo har ya taɓa murfi.
Ta ce, "Tun kafin azahar ya tashi.
Gobe sai dai a rage yis."

Washegari arba'in da uku da ɗigo ɗaya.
Ina cikin iyakata, da ƙyar.
Ita ba ta faɗi lamba ba, ba wanda zai kama ta.

Yanzu a takardun da nake aika wa ofis
akwai layi, akwai inuwar shakka gefe da gefe,
kamar gefen hanya da aka bar wa masu ƙafa.
Sagir na so a matse ta, ta yi siriri.
Ni na bar ta da faɗinta.
Cikin wannan inuwar akwai ƙadangare,
akwai janareton wani da ban gano ba tukuna,
akwai ranar da Tasalla za ta tafi suna a Batagarawa
ba ta gaya wa kowa ba.